Caja a Tukunyar Gero

Ban iya rubutu ba. Autata ce zaune gabana da kwamfutarta, ina faɗa tana bugawa. Tana mayar da Sakkwatancina Hausar littafi, na bar ta, amma na ce maganar da ta fito daga bakin mutane ta bar mini ita yadda aka faɗe ta. Na kuma ce kada ta rage komai, ko inda labarin ya ba ni kunya.

Malam, mijina, ya rasu tsakiyar bazara, lokacin da ko bangon ɗaki ba ya taɓuwa da rana. Mun haura shekara arba'in tare a Ƙofar Marke. Kafinta ne. Har yau idan aka wuce da sabon katako ta ƙofar gida na ji ƙamshinsa, sai in koma ɗaki in yi kuka son raina, kuma ba na ɓoye wa kowa. Maƙwabta sun gaji da ba ni haƙuri.

Akwai abin da ya ba ni ajiya tun kafin a ɗaura mana aure. Malam ba haifaffen Sakkwato ba ne. A ƙasar duwatsu aka haife shi, can kudu da Jos, a gidan Kirista. Iyayensa suka mutu yana ƙarami, yayarsa mace, wadda ta auri wani malamin makaranta, ta taho da shi Sabon Gari, nan Sakkwato. Aka sa shi koyon aiki wurin wani tsohon kafinta Musulmi da bai taɓa haihuwa ba. Tsohon ya riƙe shi ɗa. Malam ya koma gidansa, ya musulunta a hannunsa, daga baya ya gaji shagonsa. Harshensa ya juye, har Bakano in ya ji shi sai ya yi masa tsiyar da ake yi wa Basakkwace. Waɗanda suka san farkon labarin suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yanmu suka tashi da sanin tsohon kafintan nan shi ne kakansu.

Malam ya ce kada in faɗa musu. Yana tsoron ranar da za a zo neman auren 'ya'yansa mata, a shiga binciken asali, a mayar da su abin magana. Bai yanke zumunci da yayarsa ba. Duk farkon wata yakan ce ya tafi duba katako, ya wuce Sabon Gari ya yini wurinta. Ni kaɗai na sani. Kwana biyu kafin ya cika ya kama hannuna ya ce, "Ajiyar nan, ki riƙe ta." Na ce na riƙe.

Abu ɗaya ne bai iya canjawa ba, shi ne tafiyarsa. Garinmu shimfiɗe yake kamar tabarma, amma shi da kan yatsu yake taka ƙasa, ya ɗan rusuna gaba, kafaɗar hagu ta riga ta dama. Abokansa na shago suna ce masa mai hawan tudu, suna tambayarsa yaushe zai kai bisa. Shi ma sai ya yi dariya.

Auta ta iso kwana huɗu bayan jana'iza, don daga ƙasar waje ta taho. Ta gama karatun dakta a kan taurari, aka ɗauke ta aikin bincike na shekara biyu. Saura 'yan watanni wa'adin ya cika, kuma in ba ta fitar da takardar bincikenta ba, ba wanda zai ɗauke ta aiki na gaba. Shugabar aikinta, wata Baturiya, ta yarda ta zauna da ni har sadakar arba'in, da sharaɗin ta ci gaba da aikin daga gida, su riƙa ganawa ta kwamfuta duk mako.

Ni ina takaba, ba fita, ba kwalli, ba lalle. Sai ya zama mu biyu ke yini ɗaki ɗaya. Takan shimfiɗa tabarma kusa da randa, ta jiƙa buhu, ta kifa faranti a kansa, ta aza kwamfutar bisa farantin, don zafi na sa ta haki kamar akuya. Na zaci mai aikin taurari sama take kallo. Ko sau ɗaya ban ga ta ɗaga kai ba. Ɗigo-ɗigo ne cike da gilashin kwamfutar, ja da shuɗi, kamar an watsa gero da dawa a faifai.

Wata rana bayan azahar na ce, "Auta, wai mi kike tsinta cikin wanga tsaki?"

Ta yi dariya, karon farko tun zuwanta. Ta tuna mini farin layin nan da ke ratsa sama, wanda Malam ke nuna musu suna yara in zafi ya kore mu tsakar gida. Gulbin sama yake ce masa. Ta ce ba gulbi ba ne, gari ne na taurari, rana ma ɗaya ce daga cikinsu. Shimfiɗe yake kamar faifai, yana juyawa, kuma don muna cikinsa ne muke hango shi kamar farin zare.

"To, ke mi ne naki a ciki?"

"Baƙi nike nema, Inna."

Ta ce tun da can, kafin a yi ranarmu, wani ƙaramin garin taurari ya matso kusa, babban ya haɗiye shi. Taurarinsa suka warwatsu cikin 'yan gida.

"In kin dube su ba ki bambanta su," in ji ta. "Amma tafiyarsu daban. 'Yan gida duk gefe ɗaya suke zagayawa. Su kuwa a karkace suke tafiya, wasu ma baya suke komawa. Sun daɗe nan ƙwarai, amma tafiyar da sunka zo da ita ba ta bar su ba. In kuma an auna haskensu, ana ganin ƙarfen da ke cikinsu bai kai na 'yan gida ba."

Carbin da ke hannuna ya tsaya. A wurinmu ɗiya ba ta tarar uwarta da babbar magana kai tsaye. Habaici ake yi, a yi da kaza ko da tukunya, mai maganar ta tsinci abarta. Ni da na tsufa cikin wannan, me zan ji? Baƙo, ya saje da 'yan gida, tafiya a karkace. Na dubi fuskarta. Gilashin take kallo.

"In kin gano su, mi za ki yi musu?"

"In jera su cikin takarda, a buga, kowa shi gani."

"Sun yi miki laihi?"

"Haba, Inna. Asalin garin nike so a sani. In ba a san wa ya zo daga ina ba, ba a sanin yadda anka gina shi."

Ranar ban ci tuwo ba.

Daga nan na koma mai kasa kunne. Auta tana da halin ubanta na magana da abin da take aiki a kai. Shi da katako yake yi, ita da ɗigon nan. Sai in ji ta ce, "Kai, ka daɗe kana ɓuya." Ko ta ce, "Wanga ya yi kama da ɗan gida, amma ƙarya yake." Kowace kalma sai ta sauka mini a ƙirji. Na yi ta lissafin wanda ya faɗa mata. Na tuna washegarin zuwanta ta buɗe akwatin Malam ta ɗauki hularsa. Akwai takardu a ƙasan akwatin, ban san na mene ne ba, takarda duk ɗaya ce a idona.

Wani mako na ji muryarta ta tashi suna ganawa da shugabarta da Turanci. Da suka gama ta jingina da bango ta rufe ido. Na tambaye ta lafiya. Ta ce akwai wasu taurari da suka hana ta barci. Cikinsu irin na 'yan gida ne, amma tafiyarsu ta baƙi ce.

"Shugabata ta ce nan anka haife su, zuwan baƙon ne ya ture su, tafiyarsu ta canja. Ni ban tabbata ba. In na sa su cikin baƙi kuma ba su ba ne, takardar duk ta lalace."

Ta tashi za ta ɗebi ruwa, na bi ta da kallo. Kafaɗarta ta hagu ta ɗan riga ta dama. Na ce a raina yanzu kuma kanta da 'yan'uwanta take nufi.

Mai karanta wannan zai ce me ya hana in tambaye ta. In na tambaye ta, na faɗa ke nan. Ba yadda za a ce wa mutum "kin san ubanki baƙo ne?" a ce ba a gaya masa ba. Na zauna tsakanin mamaci da mai rai, ina juyi, ina ramewa. Mata masu zuwa gaisuwa suna cewa takaba ce ta kama ni.

Saura kwana uku sadakar arba'in Auta ta kira ni. Ta gangara da rubutun har ƙasa, ta wuce dogon jerin nan da ta ce na baƙin ne, ta ɗora yatsa a kan wani layi.

"Inna, kin ga nan? Sunan Baba ne. Na sa shi ciki."

"Cikin takardar baƙin?"

"I. Ranar sadaka da la'asar zan nuna wa shugabata karo na ƙarshe. In ta yarda, a aika."

Idonta ya cika da ƙwalla. Na ɗauka ƙwallar wadda ta yanke shawara mai nauyi ce. Na dubi layin, baƙaƙen tururuwa ne kawai a jere. Ban taɓa jin ciwon rashin karatu kamar ranar ba.

Da safiyar sadaka, Auta tana tsakar gida tana taya mata suyar masa, na shiga ɗaki. Na lura tun tuni kwamfutar ba ta daɗewa in ba a jona ta da wuta ba, don ta tsufa. Na zare cajar daga bango, na naɗe ta, na buɗe tukunyar gero da ke bayan ƙofa, na tura ta har gwiwar hannuna ta nutse. Na share bisa da tafin hannu na rufe. Ban yi tunanin gobe ba. La'asar ɗin nan kawai nake so ta wuce.

Da hantsi ta kunna kwamfutar tana gyare-gyaren ƙarshe. Kafin azahar ta fara nema. Ta ɗaga tabarma, ta zazzage jakarta, ta leƙa ƙarƙashin gado. Ta fita tana tambayar mata cikin ladabi ko wata ta ga baƙar waya mai kauri. Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Mu da munka zo cin masa, mi za mu yi da igiyar Turawa?" Aka yi dariya. Ta aika kasuwa, aka dawo aka ce babu mai irin bakinta, sai dai a sa a kawo daga Kano. Ina zaune ina jan carbi ina ji. Gilashin ya dushe, can kuma ya yi baƙi.

Ta zauna ta dafe kai. "Inna, duk abin da zan nuna yana ciki. Gobe shugabata za ta yi tafiya, sai bayan wata. In ban shiga wagga ganawa ba, lokaci ya wuce ni."

Na ce, "Wataƙila haka ya fi alheri."

Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba. Ta tashi ta tsaya bakin ƙofa, ta ba ni baya.

A daidai lokacin wata tsohuwa ta shigo ta zaure. Sau biyu kawai na taɓa ganinta a rayuwata, amma na san ta tun kafin ta ɗago fuska. Yayar Malam ce. Ba ta zo jana'iza ba, ba ta zo sadakar uku ko ta bakwai ba, ta jira ranar da mata suka yi yawa don ta ɓace cikinsu. Ta yafa mayafin da ka gani ka san aro ne. Ta ratsa tsakar gidanmu, wanda ko tudun tururuwa babu, da kan yatsu, a rusune, kafaɗar hagu gaba.

Auta ba ta juyo ba. A hankali ta ce, "Inna, wace ce waccan mai tafiyar Baba?"

Tsohuwar ta iso ta zauna bakin ƙofa, ta kama hannuna.

"Amarya, ya haƙuri?"

Shekara arba'in, ita kaɗai ke ce mini amarya. Na ce haƙuri sai godiya. Ta dubi Auta ta daɗe.

"Wannan ce mai taurari? Ya ce mini…" Sai ta katse. Ita ma ya ɗaure ta da irin alkawarin da ya ɗaure ni. Ta gyara mayafi ta ce, "Ni tsohuwar mai sayen kaya ce wurin babanki, 'yata. Kujera ɗaya ya yi mini, shekara talatin yana zuwa gyara ta. Ban taɓa ganin kafinta mara tabbas irinsa ba."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

Na ja hannun Auta cikin ɗaki na saki labule.

"Kin samu abin da kike so. Ga ta nan, ki ƙara ta cikin takardarki. Amma sunan ubanki ba shi fita duniya cikin jerin baƙi ina raye."

"Waɗanne baƙi?"

"Kada ki mai da ni yarinya. Tun da kinka zo kike yi mini habaici. Wanda ya saje da 'yan gida, wanda tafiyarsa ta tona shi."

"Inna, taurari nike nufi."

"Sunan da kinka nuna mini fa?"

"Godiya ce. Ƙarshen takarda kowa na gode wa wanda ya taimake shi. Na rubuta cewa shi ya fara nuna mini gulbin sama. Shi ke nan abin da ke wurin."

Muka tsaya muna kallon juna. Ina jin mata a waje suna raba masa. Na ga maganata tana shiga kanta a hankali, ta dubi labule, ta dawo da ido kaina.

"Inna, Baba baƙo ne?"

Ina iya cewa baƙin ciki ne ya juya mini kai, kuma da ta yarda, ko ta yi kamar ta yarda. Amma ta riga ta ga tafiyar, ita da aikinta ke nan dare da rana. Kuma tsohuwar nan tana zaune bayan labule, ƙanenta ya mutu, ba ta da ikon ta ce nata ne. Na faɗa mata. Ban ja ba. Duwatsu, Sabon Gari, tsohon kafinta, alkawari.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Su Yaya sun sani?" Na ce a'a. Ta ce, "Katakon nan na farkon wata?" Na ce shi ne.

Sai na je bayan ƙofa, na buɗe tukunya, na tura hannu na jawo cajar, gero yana zuba daga jikinta. Abin da labarin ubanta bai yi mata ba, wannan ya yi. Fuskarta ta canja.

"Shekara biyu, Inna. Shekara biyu nike wanga aiki. Kina zaune kina kallona ina tuhumar baƙinki."

"Na ji tsoro."

"Da kin tambaye ni."

Na miƙa mata cajar. Ta karɓa, ta hure bakinta, ta kakkaɓe ta a zanenta, ta jona. Kwamfutar ba ta farka nan take ba. An riga an kira la'asar. Ta tsaya kanta tana jira, hannunta a ƙugu kamar ubanta in manne bai kama ba. Can sai ta bar ta, ta ɗauki moɗa ta ɗebo ruwa a randa, ta ɗaga labule ta fita. Ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Gwaggo, ga ruwa."

A wurinmu ana iya ce wa kowace dattijuwa gwaggo, don haka ba wadda ta waiwayo cikin matan. Tsohuwar ce kaɗai ta ji abin da aka ce. Ta kai moɗar baki, rabin ruwan a kan mayafin aro ya ƙare.

Auta ta yi salla a gurguje ta shiga ganawar a makare. Ni da tsohuwar muka zauna bakin ƙofa, kafaɗa da kafaɗa. Ita matar malamin makaranta ce, tana jin Turanci, sai take raɗa mini. "Tana ba da haƙuri." Can ta ce, "Baturiyar tana faɗa." Can kuma, "Yanzu maganar na tsakiyar nan suke, waɗanda ba a san ko su wa ba." Suka daɗe. Na ji muryar Auta ta yi ƙasa. Tsohuwar ta ce, "'Yarki ta ce ba ta da hujjar kiransu baƙi. Za a fitar da su daga jerin, a ware musu wuri nasu." Na ce takardar fa? Ta ce, "Za a aika."

Kwana biyu Auta ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. Ranar da za ta koma ta zauna bakin gadona ta ce ita za ta faɗa wa 'yan'uwanta ko ni. Na ce ni. Yayyenta mata duk sun yi aure tuntuni, har da jikoki. Abin da Malam ke tsoro ya wuce shekaru da yawa, daga ni har shi ba wanda ya lura ya wuce. Matan suka yi kuka, suka tafi Sabon Gari da goro da atamfa. Babban ɗana ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya ji, ya tashi. Har yau bai je ba, kuma bai sake tayar da maganar ba.

Takardar ta fito bayan an dawo mata da ita sau biyu don gyara. Auta ta samu wani aikin, shi ma na shekara biyu, a wata ƙasar. Wannan zuwan ta nuna mini layin godiyar, ta bi shi da yatsa harafi bayan harafi, yanzu ina gane farkon sunan Malam in na gan shi.

Amma na ce masa na riƙe, kuma ban riƙe ba. Ba wanda ya ƙwace mini, ni na buɗe baki. Duk salla ina roƙa masa gafara, in roƙa wa kaina, sai hawaye su hana ni ƙarasawa. Ban san abin da zan ce masa ba in mun haɗu.

Da na fita takaba, farkon watan da ya biyo, na hau keke napep ni kaɗai zuwa Sabon Gari. Yayar Malam ta tarye ni bakin ƙofa ta ce, "Amarya, sai yau?" Ta shigar da ni ɗaki ta nuna mini kujerar. Na san hannunsa a jikinta tun daga nesa. Na zauna, na jijjiga ta gaba da baya, na gwada ta dama da hagu. Ba inda take motsi.